Baffana Da Bai Komo Daga Bama Ba

Kowace shekara, in ranar 15 ga watan Janairu ta kewayo, manyan gwamnati suka fita ajiye furanni domin tunawa da 'yan mazan jiya, ni hankalina yakan koma ɗakin kakata ne a gidanmu na Gabukka. A ƙarƙashin gadonta akwai wani akwatin ƙarfe, ba kome a ciki sai riga guda da allon yayan mahaifina, wanda Allah bai nufe ni da ganinsa ba.

Cikin 1942 aka ɗauke shi soja, zamanin Sarkin Gombe Abubakar, sa'ad da Turawa suka aza wa sarakuna nemo samari domin yaƙin Hitila. Mahaifina ya ce da son ransa ya tafi, saboda albashi; kakata kuwa har ta koma ga Mahaliccinta cewa take kama shi aka yi. Yana cikin Runduna ta 82 ta sojan Afirka ta Yamma, wadda aka ƙetare teku da ita a 1944, ta haɗu da Runduna ta 81 suka ƙwace garin Myohaung daga hannun Japanawa a watan Janairu na 1945. A wannan ƙasa ta Arakan, cikin ƙungurmin daji, ajali ya cim masa. Sai a 1946 wani abokin tafiyarsa ya kawo labari. Aka yi sadakar uku da ta arba'in, ba gawa, ba kushewa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar suna. A maƙabartar Taukkyan, kusa da birnin Rangun, an sassaƙa sunayen sojoji kusan 27,000 waɗanda ba a san kabarinsu ba, da 'yan Nijeriya masu yawa a cikinsu. Amma akawun Bature ba ya cika tambayar sunan uba. Sau da yawa sunan gari yake liƙa wa mutum, wane Gombe, wane Bauci, shi ke nan. Bara jikana ya buɗe mini jerin a wayarsa, muka yi ta bi har aka kira magariba. Masu suna irin na baffa sun fi a ƙirga da yatsu, takardar da ke ɗauke da lambarsa ta soja kuwa tuni gara ta cinye.

A Kaduna akwai barikin Kalapanzin, a Legas akwai na Myohaung, wato filin daga ya sami mai tunawa da sunansa. Allon yana hannuna yanzu. Inda rubutun ya tsaya, bai ko kai izu biyar ba.