Kunne Kafin Alli

Shekara da shekaru muna rubuta ma'aunin waƙar Turanci a allo, ɗalibai suna haddacewa don jarrabawa, amma kunnensu bai kama ba. Laifinmu ne, gama ba mu nuna musu tushen abin ba.

Girkawa da Romawa tsawon gaɓa suke aunawa, doguwa da gajera. Homa ya tsara Iliyad da ƙafa 6 a kowane layi, Barjil ya bi sahunsa da Latin. Ingilishi suka ari sunayen ƙafafun, amma ƙarfin murya suke ƙirgawa, kamar ƙafa 5 ɗin Shekspiya.

Ashe rubutacciyar waƙar Hausa ta fi kusa da ta Homa, domin ita ma tsawon gaɓa take aunawa. Saboda haka, ɗalibai, baɗi da tafi za mu fara, alli ya jira tukuna.