Bencin Ƙofar Gida: Daga Birik Zuwa Nkomkana

Baƙon da ya sauka Yawunde daga jirgin ƙasa na Ngaundere, abin da zai fara lura da shi shi ne garin nan bai san shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba. Daga hawa sai gangara, daga gangara sai wani hawan. Ana yi masa laƙabi da birni mai tsaunuka bakwai, amma wanda ya taka shi da ƙafa zai rantse sun fi haka. To, duk garin da ke gajiyar da gwiwa dole ne ya tanadi wurin hutar da ita, kuma a unguwanninmu wannan wuri shi ne benci. Shi muke so mu kai ku ziyara a wannan fitowa, mu tashi daga Briqueterie, wadda bakinmu ya gajarta ta koma Birik, mu hau ta Tsinga har mu kai Nkomkana.

Asalin sunan wurin a bakin Ewondo, masu ƙasa, Ekoudou ne. Sunan Briqueterie ya samo asali daga matoyar bulo da aka yi a nan zamanin Jamusawa, waɗanda suka kafa sansaninsu a Yawunde a ƙarshen shekarun 1880. Kakanninmu fatake sun biyo hanyar Adamawa da shanu da tufafi da jima, suna neman goro da hauren giwa, suka zauna kusa da tsakiyar gari, daga baya a zamanin Faransa aka tattara su a wannan gangare. Sun zo da zaure, sun zo da allo, sun zo da tsire wanda mutanen ƙasar suke kira soya, har ya zama wani sashe na unguwar ana yi masa ba'a da suna ma'aikatar soya. Abu ɗaya ne ya ƙi biyo su yadda yake, shi ne dakali. A Kano ko Katsina ko Maraɗi, mai gida yakan sa magini ya ɗaga masa dakalin ƙasa a jikin katanga, ya yi shekaru ana zama a kai. A nan kuwa ruwan sama ya kai milimita 1,500 ko fiye a shekara, damina biyu ce, ta Maris zuwa Yuni da ta Satumba zuwa Nuwamba, ga jar ƙasa mai santsi. Dakalin laka ba zai ga shekara ba. Sai dai ƙasar daji ce, katako ba ya yankewa, ga ayous mai sauƙin ɗauka, ga sapelli, ga iroko mai tauri ga wanda aljihunsa ya yi nauyi. Haka dakali ya rikiɗa ya zama benci, wanda yara biyu za su iya cicciɓa su shigar da shi ƙarƙashin rumfar kwano da zarar hadari ya taso daga wajen dutsen Fébé.

Ba wani abin kallo ba ne. Falanki ɗaya ne dogo, da ƙafafu huɗu, da ƙusoshi. Amma a duba yadda yake zaunar da mutane. Kujerun falo suna sa ka fuskanci abokin zamanka, ido cikin ido, dole ka nemi abin faɗa ko shiru ya yi nauyi. Benci kuwa jere yake yi da ku, kafaɗa da kafaɗa, kowa fuskarsa na kan titi. Saboda haka shiru ba abin kunya ba ne a kansa, kuma magana ba daga cikinku take tasowa ba, titi ne yake kawo ta. Mai turin baro ya wuce da buhunan albasa zuwa kasuwar Mokolo, ɗan babur ya kauce wa akuya da ƙyar, ga ayarin masu kai amarya, ga wani da aka daɗe ba a gani ba ya dawo daga Duwala da sabuwar tafiya. Kowanne daga cikinsu farkon labari ne. Sa'an nan ba shi da majingina, ba ya barin mutum ya yi gyangyaɗi, ba shi kuma da wurin shugaba, sai dai al'ada ta bar wa dattijo gefen inuwa. Yana da ladabinsa na kansa wanda kowane yaro ya koya da faɗuwa: idan ku biyu ne a bakin benci, ba ka miƙewa sai ka faɗa wa na ɗaya gefen.

A Birik kowane benci da irin abin da yake haifarwa. Na ƙofar teloli ya fi ba mu sha'awa. A nan ne mai zanen aiki yake zama da takarda da alƙalami, yana duban rigunan masu wucewa. Aska takwas da aska biyu tsofaffin zane ne, daga gida aka zo da su, amma wanda ya lura da wuyan rigunan da ake ɗinkawa a unguwar nan zai ga an sa musu hannu: wani lanƙwasa da aka aro daga rigar Bamun, wani launi da aka gani a jikin zanen wata Bamileke, wani tsari daga hular mutanen Marwa. Ba a makaranta aka koyi wannan haɗi ba, a zaune aka gan shi yana wucewa. Na gaban mai shayi kuwa majalisar labarin duniya ce. Tun da BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, har zuwa RFI da ta bi sahu a 2007, rediyo bai rabu da wannan benci ba, kuma wasiƙu da yawa da aka aika wa gidajen nan a kan gwiwa aka rubuta su, mutum ɗaya da biro, mutum biyar suna gyara masa jimla. Wanda ya taɓa ganin yadda ake jayayya a kan kalma guda, a ce wannan Hausar Garwa ce, a ce a'a, Kano ma haka suke faɗa, ya ga makarantar rubutu wadda ba ta da shugaba.

Akwai kuma bencin ƙofar masallaci, tsakanin Magariba da Lisha. Mu da muka tashi a gidajen malamai mun san wani sirri da ba a cika faɗa ba: nassin huɗuba daga littafi yake fitowa, amma misalin da yake sa jama'a su gyaɗa kai, yawancinsa a nan ake tsintarsa. Malami ya zauna yana jan carbi kamar ba ya ji, alhali kunnensa na kan zancen bashin da ya raba abokai biyu, da kukan mai haya, da tsadar ragon layya. Ranar Juma'a sai ka ji maganar ta dawo, an cire mata sunaye, an wanke ta, an ɗora ta a kan aya. Masu waƙen Mauludi da na saukar karatu su ma a nan suke gwada baitinsu. In an yi shiru, to bai zauna ba, a koma a sake. In wani tsoho ya ce a maimaita, an samu.

Kada a ɗauka mu kaɗai ne muka san wannan. Maƙwabtanmu suna da wuraren cin abinci na bakin hanya da suke kira tournedos, don masu ci suna jere a benci sun juya wa titi baya. Suna da dattawan da ke wuni a kan wasan songo, ɗan'uwan darar gidanmu. Marubucin nan Patrice Nganang, wanda aka haifa a Yawunde a 1970, ya gina littafinsa Temps de chien, na 2001, kacokan a kan hirar masu zaman bakin titi a unguwar Madagascar, nan kusa da Nkomkana. Wurin zaman da ya zaɓa mashaya ce, mai ba da labarin kuma kare ne, ba irin majalisar da za mu aika 'ya'yanmu ba ke nan. Duk da haka littafin ya ci babbar kyautar adabin Afirka ta harshen Faransanci, an fassara shi, mutanen Turai da Amurka sun san muryar waccan unguwa. Mu da muke tazarar tafiyar ƙafa daga can, da hirar da ba ta gaza tasu daɗi ba, wa ya rubuta tamu?

Daga Birik idan aka hau Tsinga, aka wuce babban masallacin da Saudiyya ta gina a shekarun 1990, sai iska ta canja. Tituna sun fi faɗi, gidaje sun shiga bayan katanga da ƙofar ƙarfe, benci ya yi ƙaranci, sai na mai gadi. Ba sai an kai Nkomkana yake dawowa sosai ba. Nan unguwa ce ta gauraye, Ewondo da Bamileke da Bamun da Hausa da Fulani, gidaje sun manne a jikin gangare, lunguna sun zama matakala. Bencin nan dabam yake da na Birik. Sau da yawa ƙafafunsa biyu sun fi biyu tsawo, ko an tokare su da dutse, don ƙasar ba ta daidaita ba. Abin da yake ba mai zama kuma ba cunkoson titi ba ne, nisa ne: rufin kwano masu tsatsa sun gangara har kwari, ayaba da mangwaro sun cike tsakani, can sama a kan tudun Nkol-Nyada ga Palais des Congrès da Sinawa suka gina aka buɗe a 1982. Da La'asar sakaliya kiran salla yakan taso daga masallatai da dama, wani na bin wani, ƙararrawar coci ta ratsa tsakani. In Birik tana ba mutum magana, Nkomkana tana ba shi wurin juya ta. Mun san ɗalibai da suke hawowa nan da allo ko da littafin makarantar boko, don hadda ta fi zama inda ido yake da wurin zuwa. Harshe kuma a nan yake cakuɗewa: a benci ɗaya za ka ji gaisuwa da Fulatanci, ciniki da Faransanci, ba'a da Hausa, samari kuma suna nasu Camfranglais wanda iyayensu ba sa kamawa.

Ba za mu ɓoye ba, benci yana da mummunan suna, kuma ba a banza ya same shi ba. Hausawa suna cewa zaman kashe wando, mutanen Kamaru suna cewa kongossa, wato gulma da tsegumi. Katakon da ya haifi baiti shi ne kuma ya kashe aure. Mata da yawa a unguwa sun san nauyin wucewa ta gaban jerin idanu, har wata takan zaga ta dogon lungu don kauce wa majalisa guda. Shari'a ba ta bar wannan ba magana. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Sa'id al-Khudri cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gargaɗi sahabbai game da zama a kan hanyoyi. Da suka nuna ba su da makawa, sai ya sharɗanta musu haƙƙin hanya, wato runtse ido, da kame cuta, da amsa sallama, da umurni da kyakkyawa da hani ga mummuna. Abin lura shi ne bai tashe su ba, ya gyara zaman ne. Kuma a masallacinsa akwai rumfar da ake kira Suffa, inda matalautan sahabbai suke zama, a cikinsu har da Abu Huraira, wanda ya fi kowa yawan ruwayar hadisi. Mutanen kasuwa da na gona suna can suna nema, shi yana zaune yana ji yana riƙewa. Bambancin mai kashe wando da mai tara ilmi ba a wurin zaman yake ba, a abin da kowannensu ya tashi da shi ne.

Sai dai bencin yana ja da baya. A shekarun 2000 hukumar birni ta faɗaɗa tituna, ta rushe gine-gine da rumfuna a unguwanni da dama, aka gina babban zauren wasanni na Warda a gindin Birik, aka buɗe shi a 2009. Gari ya yi kyau ta wani fanni, amma ƙofar gida ta matse, inda benci yake tsayawa ya zama wurin ajiye babur. Kujerar roba ta shigo, mai ɗaukar mutum ɗaya, wadda kowa yake juya ta inda ya ga dama. Sa'an nan ga waya. Yanzu za ka tarar da samari shida a jere, kafaɗa da kafaɗa kamar dā, amma ba mai kallon titi, kowa ya sunkuya a kan WhatsApp. A lambun Bois Sainte-Anastasie akwai kujerun zama masu kyau a ƙarƙashin itatuwa, amma can baƙo ne kusa da baƙo, ba wanda ya san kakan wani.

Abin da ke tafiya tare da shi ya fi katako tsada. 'Ya'yanmu suna karatu da Faransanci daga safe zuwa yamma, Larabci a Islamiyya, Hausa kuwa ta rage ta aike da ta tsawa: zo, tafi, kawo, bari. Hausar karin magana da habaici da zaurance da kirari, wadda ake jan labari da ita har a manta da shayi ya huce, wurare biyu take rayuwa, tabarmar kaka a tsakar gida da bencin ƙofar gida. Tsofaffin da suka ji daga bakin waɗanda suka zo da ƙafa ta Banyo da Tibati da Yoko, waɗanda iyayensu suka ga zaman Sarki Njoya na Bamun a garin nan har rasuwarsa a 1933, saura kaɗan ne, kuma kowace damina tana rage su. Ba su rubuta ba, ba kuma za su hau mumbari su ba da lacca ba. Sai an zauna kusa da su, an yi haƙuri da shirunsu, wani abu ya wuce a titi ya tuna musu.

Don haka muna roƙon iyaye maza, wanda zai fita majalisa bayan La'asar ya riƙo hannun ɗansa, ya zaunar da shi a bakin benci ko da na rabin sa'a, ya kuma kula da abin da za a faɗa a gabansa. Iyaye mata su yi haka da 'yan mata a wurin kakanninsu. Ɗalibanmu na lycée da jami'a kuwa, wayar nan da ke hannunku tana ɗaukar murya. Ku nemi izinin dattijo, ku ɗauka, ku rubuta da boko ko da ajami, ku sa sunan lungun da ranar da aka yi hirar, ku ajiye kwafi ɗaya a gida, ɗaya a ɗakin karatu na masallacin unguwa.