Na Koma Garwa, Kaka Ba Ta Nan

A hutun Ista na tashi daga Ngaundere, inda nake koyarwa, na gangara Garwa. Wanda ya san hanyar ya san da zarar mota ta sauko daga dutse, sanyi ya yi maka sallama ke nan. Mun hau gadar Binuwai da la'asar, ruwa ya janye, yara suna ta guje-guje a kan rairayi. Wannan ne zuwana na farko tun ranar da muka binne Kaka.

Ta wannan kogi ta shigo Garwa tana amarya. Mutuniyar Numan ce, can Najeriya, inda 'yan mishan na Danmak suka zauna tun 1913, kuma a wurinsu ta koyi karatu da Hausa. Kakanmu namiji ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa. A wancan zamani, idan damina ta cika kogi, jirage kan hauro daga Najeriya da gishiri da siminti, su koma da gyaɗa da auduga. Yaƙin Biyafara da ya ɓarke a 1967 ya datse wannan hanya, ba ta kuma sake komawa kamar da ba. Dako ya yi ƙaranci, sai kaskon ƙosan Kaka ya riƙe gida. Da shi aka biya kuɗin makarantar ubana, da shi kuma aka saya mini littattafai sa'ad da na shiga makarantar horon malamai.

Fulatanci ne harshen kasuwa a Garwa, ta kuma iya shi sarai, amma addu'a da Hausa take yi. Kullum da asuba, ladan na kira a masallacin unguwa, ita kuma tana buɗe Littafi Mai Tsarki a gindin darbejiya. Da ɗanta na uku ya musulunta, dangi suka yi ca. Ita ba ta ce uffan ba, sai ta sayo buta da tabarma ta ajiye masa a zaure. Tun daga nan gidanmu sau biyu yake cin nama, da Kirsimeti da Babbar Salla. A watan Agusta 1985 da Fafaroma John Paul na biyu ya zo Garwa, ta ja hannuna muka tafi, ko da yake ita 'yar Lutheran ce. Wai baƙo ya zo gari, ba a tambayar ɗarikarsa.

Ta haura shekara 90. Yanzu maganar sayar da gidan ake yi, abin da ya kawo ni ke nan. Ni ban yarda ba, amma gaskiya ba ni ne nake gyaran rufi kowace damina ba.

Da dare Gwaggo ta miƙo mini Littafin. A bangon ciki Kaka ta jera sunayen 'ya'ya da jikoki, Bitrus kusa da Abubakar. Na ba ɗan ƙanena, wanda ke ajin ƙarshe a sakandare, na ce ya karanta mana. Sunayen ya karanta tiryan-tiryan. Da ya juya shafi sai ya ce, "Baba, ba na Faransanci?"

Na sa Littafin cikin jakata. Maganar gida an ɗage ta sai bayan damina.