Daga Ofishin Jandarma Zuwa Teburin Edita

Mujallun ilimi da suka keɓanta da aikin ƴan sanda ba su da yawa, kuma fitattunsu da Ingilishi ake buga su. Akwai Policing and Society da ta fara fitowa a 1990, akwai Police Quarterly ta Amurka, akwai kuma Policing: An International Journal ta kamfanin Emerald. Masu karanta su masana laifuka ne da na shari'a da na zamantakewa, tare da jami'an tsaro. Ɗalibin kimiyyar harshe baƙo ne a wannan gida, don haka sai ya san al'adar masu gidan kafin ya yi sallama.

Dalilin zuwansa kuwa mai nauyi ne. A Maraɗi ko Damagaram, mai ƙara yakan faɗi kukansa da Hausa, jandarma ya rubuta da Faransanci, alƙali ya karanta abin da ke cikin takarda. Idan mace ta ce "ya ci mini kuɗi", mai rubutu ne zai zaɓa: ko bashi ne da za a nemi biyansa, ko cin amana ne da doka ta tanadar wa ɗauri. Bajamushe Mirco Göpfert, a littafinsa Policing the Frontier na 2020, ya bi aikin jandarmomin Nijar, har da yadda suke juya labarin mutane zuwa rahoto. Rabon masanin harshe shi ne ya tsaya a kan kalmomin kansu, ya nuna abin da ya zube a hanya.

Sai dai ɗalibin da ya saba rubuta wa malamansa na nahawu yakan buɗe muƙala da bayanin tsarin aikatau. Edita zai ajiye ta tun shafin farko, domin tambayarsa ita ce me wannan ya sauya a bincike ko a makomar wanda ake tuhuma. Tsakure ma yana tilasta wannan tunani: mujallun Emerald suna son a raba shi zuwa manufa, hanyar bincike, sakamako da sabon abin da aka kawo, cikin kalmomin da ba su wuce 250 ba.

Daga nan sai misalai. Mai nazarin harshe ya saba da layi uku bisa ƙa'idojin Leipzig: jimla, fashin ƙwayoyin ma'ana, fassara. Mujallar ƴan sanda tana da iyakar kalmomi, masu karatunta kuma ba su san alamomin ba. Gara ya zaɓi misalai kaɗan masu ƙarfi, ya bar Hausar yadda aka faɗe ta, ya jera ta da Faransancin takarda, sannan Ingilishi. Hausar ce hujjarsa, idan ya cire ta mai karatu ba shi da abin da zai auna da'awarsa da shi. Ranar duba kwafin ƙarshe kuma ya lura da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, kada madaba'a ta mayar da ƙara ta zama kara.

Ɓoye suna iri biyu ne. Na farko nasa: galibin waɗannan mujallu suna tura muƙala ga masu tantancewa ba tare da sun san marubuci ba, don haka zai cire sunansa, jami'arsa da godiyarsa daga kwafin da za su gani. Na biyu ya fi nauyi, wato na waɗanda ya naɗi muryarsu da yardarsu. Sauya suna bai isa ba. A ƙaramin gari, karin harshe, laƙabi, ko sunan kasuwa ɗaya ya isa a gane mai magana, kuma jandarman da ya bar shi ya zauna a ofis yana iya ɗaukar hukuncin manyansa.

Ba a aika muƙala ɗaya ga mujallu biyu a lokaci guda, ko da jira ya kai watanni. Amsa takan zo da karɓa, ko gyara kaɗan, ko gyara mai yawa, ko ƙi. Wanda aka ce ya gyara, ya amsa kowace magana ɗaya bayan ɗaya. Idan aka ce ya rage Hausar, ya rage abin da ya maimaita kansa, ya kare sauran cikin ladabi.

A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Tambayar da wane harshe za a rubuta bayanin mai ƙara za ta taso, kuma masu yanke shawara za su bukaci misalan da aka tattara, aka tantance, aka buga.