Ranar da yadi ya kusa zubar min da mutunci a Yamai

A shekarar da na fara kai kaya Yamai, wata Hajiya mai haɗa lefe ta ce in kawo mata farar shadda ɗari. Na ce an gama. Na sauka Kano, na shiga Kantin Kwari, aka yanko min yadi ɗari cif. Da na kai mata, yaronta ya ɗauko sandar awo ya auna a gabana, sai ga kaya sun tsaya a 91 da 'yan kai. Hajiya ta dube ni ta ce, "Malam, haka za mu yi da kai? Ina cikon kayana?"

Nan take gumi ya karyo min, don na san ban ci ko taƙi ɗaya ba. Wani dattijo maƙwabcin shagonta ne ya raba gardamar. Ashe ita mita take nufi, ni kuma yadi na ji. Yadi santimita 91.44 ne, mita kuwa 100. A yadi ɗari giɓin ya haura mita 8 da rabi, abin da zai ɗinka wa magidanci kaftani biyu. Na cika mata daga aljihuna. Ribar tafiyar ta tafi, amma har yau tana sayen kaya a hannuna.

Tun daga ranar na koma lura da awo a duk labarin da na karanta a jarida. Sai ka ga an ce zinariya ta tashi, oza ɗaya dala kaza, alhali matanmu da giram suke saye. Da an ƙara cewa ozar zinariya giram 31.1 ce, da kowa ya yi lissafinsa. A ce gangar ɗanyen mai, ba a faɗa maka lita 159 ce ba. Wannan ya rubuta mil, wancan kilomita, kuma mil ɗaya ya fi kilomita ɗaya da rabi. Wani ya ce eka, wani hekta, alhali hekta ta kusa eka biyu da rabi. Ko galan ma iri biyu ne: na Amurka lita 3.8, na Ingila lita 4.5.

Ba na cewa a binne yadi. Ko a ƙasashen da Faransa ta raina, turmin atamfa yadi shida ne. Roƙona ga masu rubuta mana labarai shi ne, in sun ɗauko labari daga waje, su juya mana awon zuwa wanda muke ciniki da shi, ko su kawo duka biyun.

Mu ma 'yan kasuwa da namu gyaran. Yanzu duk wanda ya kira ni ya ce in kawo hamsin, ba na ajiye waya sai na tambaye shi: hamsin na me? Babban ɗana da ke tsare min shago, wannan tambayar na fara koya masa kafin in ba shi makullin akwatin kuɗi.