Masu Kiwon Tsofaffin Jiragen Ƙasa

Akwai waɗansu mutane a Ingila waɗanda na daɗe ina so in ba 'yan'uwana 'yan makaranta labarinsu, domin sha'aninsu ya ba ni mamaki, ya kuma shiga raina ƙwarai. Mutanen nan kiwo su ke yi, amma abin kiwon nasu ba ya cin harawa, ba ya shan dusa. Tsofaffin jiragen ƙasa masu tafiya da wuta da ruwa su ke kiwo, irin waɗanda hukumar reluwe ta ƙasarsu ta sallama tun shekara ta 1968. Sun saye su, sun gyara, sun sayi guntayen hanyoyin dogo da aka rufe, suna kora su a kai har wa yau, galibinsu kuwa ba mai biyansu ko anini. Mai karatu ya san yadda mota ta zo ƙasarmu ta karɓe aikin doki, amma duk da haka ba a rasa mutumin da zai hana cikinsa ya saya wa dokinsa dawa, don ranar hawan salla ya ɗaura masa sirdi ya fita. To, haka al'amarin mutanen nan ya ke. Ni kuwa ina cikin masu ganin sun yi daidai, zan kuma faɗi dalilina.

Ya kamata in fara bayyana yadda kan jirgin nan ke aiki, gama da yawa cikinmu ba su tarar da shi ba. Asalinsa tukunya ce doguwa ta ƙarfe, an kwantar da ita bisa ƙafafu, an cika ta da ruwa. A bayanta akwai murhu inda a ke zuba kwal. Zafin wutar ya kan bi ta cikin waɗansu bututai masu yawa da suka ratsa ruwan, har ya tafasa. Ruwa kuwa in ya zama tururi ya kan nemi wurin da ya fi nasa na da kusan sau 1,700, tukunyar ga ta a rufe gam, saboda haka sai ƙarfi ya taru a ciki. Direba na buɗe masa ƙofa sai ya fita da ƙarfi ya tura wani faifan ƙarfe gaba, ya komo ya tura shi baya, faifan ya tura sanduna, sandunan su juya ƙafafu. Tururin da ya gama aiki sai ya fice ta bututun hayaƙi, ficewar tasa kuma ita ke jawo iska cikin murhu, kamar yadda zugazugi ke yi wa maƙeri. Watau iyakar nauyin kayan da jirgi ke ja, iyakar yadda ya ke zuga wutarsa da kansa. Wannan shi ne nishin da a ke ji yana yi in ya kama hawa.

Farkon kiwon nan a ƙasar Wales aka yi shi, wadda ke yamma da Ingila. Akwai wata 'yar hanyar dogo can a bakin teku, sunanta Talyllyn, tsawonta bai wuce mil 7 da 'yan kai ba, faɗinta ƙafa 2 da inci 3. An gina ta a 1865 don sauko da allunan dutse na rufin ɗaki daga kan duwatsu zuwa garin Tywyn. Aka daina haƙar dutsen a 1946, amma mai hanyar, Sir Henry Haydn Jones, ya yi alkawari ba za a rufe ta ba muddin yana da rai, ya kuwa cika. Da ya rasu a 1950 kowa ya ɗauka ta ƙare. Sai wani marubuci mai ilmin injuna, Tom Rolt, ya tara abokansa a Birmingham, suka kafa jam'iyya don su karɓi hanyar su riƙe da kansu. Ran 14 ga Mayu, 1951, jirginsu na fari ya tashi, wani tsohon kai mai suna Dolgoch, wanda aka ƙera a 1866, shi ya ja shi. Kafin ranan nan ba a taɓa jin inda 'yan sa kai suka riƙe hanyar jirgi ba a duniya duka. A 1960 waɗansu suka yi koyi da su a kudancin Ingila, suka buɗe hanyar Bluebell mai cikakken faɗi, daga nan abin ya bazu.

Masu magana sun ce gani ya kori ji. Na sami zarafi na shiga jirgin Talyllyn sau ɗaya, da bazarar ƙasarsu. Gudunsa bai fi na mai keke ba, ya ɗauki kusan sa'a guda kafin ya kai ƙarshen hanya, ya ratsa gonaki da garken tumaki, ya haye wata gada mai tsawo kusa da inda ruwa ke faɗowa daga kan dutse. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai mutanen ne. A tasha na tarar da wani dattijo, furfura fat, yana durƙushe da tsumma da 'yar butar mai, yana bin gaɓoɓin jirgi ɗaya ɗaya yana ɗiga musu, wani saurayi na biye da shi yana kallo. Na gaishe shi, na ce, "Baba, nawa a ke biyanka a wannan aiki?" Ya yi dariya, ya ce shi ke biyan kuɗin motarsa ya zo, tun asuba kuwa ya ke nan, don tukunya mai sanyi ba a gaggauta ta, sai an bi ta sannu sa'o'i da dama, in ba haka ba ƙarfe ya ɓaci. Ya nuna saurayin ya ce shekararsa biyu yana goge jirgi, bana za a fara ba shi shebur, in ya daɗe yana fayaman sa'an nan a yi maganar zama direba. Na ce a raina, ashe ko a Turai ba a haihuwar gwani, sai ya yi zaman almajirci.

Abin da ya ƙara wa masu kiwon nan himma shi ne gaggawar da hukuma ta yi wajen kawar da jiragen. Kai na ƙarshe da ta ƙera, Evening Star, ya fito a 1960, amma shekara 5 kaɗai ya yi aiki aka ajiye shi, alhali irinsa kan yi shekara 40. Ran 11 ga Agusta, 1968, jirgin fasinja na ƙarshe mai tururi ya bi babbar hanya daga Liverpool zuwa Carlisle ya komo, kuɗin tikitinsa fam 15 da sule 15, mutane suka yi dafifi a bakin hanya suna ban kwana. Dubbai aka sayar wa masu yankan ƙarfe, aka narke. Sai Allah ya kawo wani sanadi. Wani mai sayen tsofaffin ƙarafa a garin Barry, Dai Woodham, ya sayi kawuna 297, amma ya ga yankan wagunu ya fi sauƙi, ya fi saurin kawo kuɗi, saboda haka ya jera kawunan a fili ya ce sai ya gama da wagunu tukuna. Suna nan ruwa na dukansu, tsatsa na ci, jam'iyyu suka riƙa tara kuɗi suna zuwa suna fansar su ɗaya ɗaya. Daga 1968 zuwa 1990 an fitar da 213. Mutumin nan ciniki ya ke yi, bai ce taimako ya ke yi ba, amma jinkirinsa ya zama alheri.

Na san akwai mai cewa, "Wannan ai ɓarnar dukiya ce." Maganarsa kuwa tana da ƙarfi, ba na raina ta. Dubi Flying Scotsman, wanda aka ƙera a Doncaster a 1923, ya yi gudun mil 100 a sa'a a 1934. Alan Pegler ya saye shi fam 3,000 a 1963, ya kai shi yawo Amurka, hidimarsa ta cinye dukiyarsa ƙaf. A 2004 gidan ajiye kayan reluwe na York ya saye shi fam miliyan 2 da dubu 300, gyaransa kuma, wanda aka gama a 2016, ya ci fiye da fam miliyan 4. Waɗansu ma ba su tsaya ga gyara ba. Da suka ga an narke wani iri duka 49, ba a bar ko ɗaya ba, sai suka kafa jam'iyya a 1990, suka yi ta tara kuɗi kaɗan kaɗan, suka ƙera sabo fil a Darlington, suka sa masa suna Tornado, ya fara tafiya a 2008. Mai hankali ya iya tambaya, asibiti nawa kuɗin nan za su gyara? Ban da haka kuma kan jirgi mai tururi mabarnaci ne, kashi mafi yawa na zafin kwal ɗinsa ta bututun hayaƙi ya ke tsiyayewa, ga ƙazanta, ga wahalar da ma'aikata ke sha. Waɗanda suka musanya shi da na dizal da na lantarki ba wauta suka yi ba.

Ga amsata. Galibin kuɗin nan daga aljihun masu so su ke fitowa, da tikitin 'yan yawon buɗe ido, waɗanda kuma su kan bar wa masu masauki da masu abinci na ƙauyukan nan rabonsu. Amma babban dalilina ya wuce kuɗi. A York ɗin nan akwai wani kai mai suna Mallard, wanda ran 3 ga Yuli, 1938, ya yi gudun mil 126 a sa'a, har yau ba mai tururin da ya kamo shi. Yana nan tsaye cikin ɗaki, an goge shi yana ƙyalli, ba wuta ba ruwa. Wanda ya dube shi ya ga siffar jirgi, amma ba zai san yadda a ke watsa kwal cikin murhu har ya bazu daidai ba, ko yadda direba ke jin ciwon jirginsa da kunne tun bai tsananta ba, ko yadda a ke ɗinke tukunya da ƙusoshi masu zafi. Irin wannan sani a hannu ya ke zaune, littafi ba ya ɗauke shi duka, in kuwa aka yi tsara ɗaya ba a yi aikin ba, ya tafi ke nan. Mu da muka ga yadda rini da saƙa da dukanci ke ja da baya a garuruwanmu mun san haka. Tilas ne ko wace shekara 10 a kwance tukunyar ko wane kai a duba ta ciki da waje. Wannan doka ita ta fi cin kuɗi, ita ce kuma ta sa har yanzu akwai samari masu koyon aikin a wurin tsofaffi. Da tsohuwar zuma a ke magani.

Kada a zaci sun huta. A Nuwamba, 2023, aka rufe mahaƙar Ffos-y-fran a Wales, inda da yawansu ke samun kwal mai kyau, ƙasar da ta koya wa duniya aiki da kwal ta koma sayensa daga ƙetare da tsada. Suna gwada wani gawayi da a ke curawa da garin kwal da ƙwallon zaitun. In fari ya yi kuma tilas su ajiye masu tururi, don kada tartsatsi ya kunna daji. Dattijan da suka yi aikin tun zamanin hukuma suna ta ƙarewa. Ko jikokinmu za su ji nishin jirgin nan, ya rataya ga ko samari za su ci gaba da zuwa da asuba su ɗauki tsumma.

Wani abu kuma ya sa na tuna gida. A wata hanya ta Wales, Welshpool da Llanfair, akwai kai mai lamba 85, wanda aka ƙera a Leeds a 1954 don ƙasar Saliyo. Da aka rufe reluwen Saliyo sai suka saye shi a 1975, suka kai shi can. Faɗin hanyarsa ƙafa 2 da inci 6, daidai da na ƙaramin jirgin Bauci, wanda ya riƙa hawa daga Zariya zuwa Jos da Bukuru tun 1914, yana sauko da kuza, har aka rufe shi a 1957, aka ajiye ɗan abin da ya saura na kayansa a gidan kayan tarihi na Jos. Jirgi mai tururi ne ya iso Kano daga Baro a 1911, shi ya kwashe dalar gyaɗa zuwa Ikko, da kwal ɗin Inugu a cikinsa, shi ya kafa unguwanni da kasuwanni a bakin tashoshi, har harshenmu ya sami kalmomi irin su tasha da tarago da fayaman. Abin da ya sāke zaman kakanninmu haka bai kamata jikokinsu su jahilce shi ba.

Ban ce mu tara kuɗi mu sayi jirgi ba, aljihun ɗan makaranta kowa ya san zurfinsa. Amma mu malamai za mu zama, za a rarraba mu garuruwa, waɗansunmu kuwa za su sauka a Zariya, ko Minna, ko Kafanchan, ko Nguru, inda har yanzu a kan sami tsohon da ya riƙe shebur ko ya busa usur a zamanin kwal. Ina roƙon wanda ya sami irin wannan dattijo ya je ya gaishe shi, ya zauna, ya tambaye shi yadda a ke tashin wuta, da inda a ke shan ruwa a hanya, da hawan da ya fi ba su wahala, ya rubuta da Hausa, ya aiko wa Edita. In ya zo koya wa yara yadda zafi ke zama ƙarfi, ya ɗora buta a wuta su ga murfi na rawa, sa'an nan ya gayyato tsohon ya ƙarasa musu darasin da bakinsa. Wannan ba ya cin ko kwabo, mu ma kuwa mun yi namu kiwon gwargwadon ƙarfinmu.

Allah ya ba mu ikon riƙe abin da muka gāda, ya sa mu amfani na bayanmu. Amin.