Ƙarfen da Ba Ya Lanƙwasa

Ranar da wani tsohon malamin makaranta a Sandamu ya dawo daga Daura, ya tarar babban ɗansa ya sayar wa 'yan gwangwan keken ɗinkin marigayi mahaifinsa. A kan sikeli aka ɗora shi, aka biya kuɗin kilo. Da wannan keken ne tsohon tela ya biya masa kuɗin makaranta. Malam ya bi sawun masu baro har inda suke tara kaya, amma ya makara: guduma ta riga ta raba kan keken gida uku.

A cikin wannan tulin ne ya hango wani ɗan keke da bai wuce tafin hannu biyu ba, tsatsa ta cinye shi. Ya saye shi a kan farashin ƙarfe.

Ashe samfurin Singer 20 ne, wanda kamfanin ya fara ƙerawa a Amurka a 1910 domin yara su koyi ɗinki. Duk da ƙanƙantarsa yana ɗinki na gaske, sai dai ba shi da kwarkwaro. Zare ɗaya yake amfani da shi, yana sarƙa shi daga ƙasa, shi ya sa idan aka ja bakin zaren ɗinkin ke warwarewa.

Jikinsa ƙarfen zubi ne, wanda ake narkarwa a kwarara cikin mazubin yashi. Sinadarin kabon da ke cikinsa ya kai kashi 2 zuwa 4 cikin 100, fiye da na ƙarfen da maƙera ke bugawa. Wannan ne ya ba shi tauri, kuma shi ne rauninsa: ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi. Walda ta gaggawa ma kan tsaga shi.

Malam ya koyi aikin da asara. Wani babban keke da ya fara gwada hannu a kai, ƙirar masana'antar Clydebank ta Sikotilan wadda aka rufe a 1980, ya bi shi da sanfefa, ya goge zanen ruwan zinariya da ya shekara tamanin a jikinsa. Zanen ba ya dawowa. Da ya zo kan ɗan ƙaramin, sai ya jiƙa kusoshinsa cikin kananzir mako biyu, ya riƙa shafa shi da man keke da tsumma mai laushi, yana lulluɓe shi saboda ƙurar hunturu.

Ranar da allurar ta fara hawa da sauka, ya kira jikarsa.

"Amaryata, zo ki ɗinke wa angonki aljihu."

"Kaka, wannan ai na wasa ne."

"Juya hannun ki gani."

Ta juya, ɗinkin ya fito a jere. Ɗansa, wanda ya yi wata uku yana kauce wa zauren, ya tsaya daga bakin ƙofa yana kallo. Washegari da hantsi ya shigo da galan ɗin kananzir, ya ajiye kusa da tabarmar mahaifinsa, ya zauna.